Salatin Anasara Mai Lemu

Da sunan Allah, Masanin abin da zukata suka ɓoye. Ni ban san zuciyar kowa ba. Abin da kunnena ya ji da wanda idona ya gani, su kaɗai zan sa a takardar nan. Da ajami na fara rubuta ta, don da shi hannuna ya saba tun ina gaban mahaifina, daga baya aka mayar da ita boko. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da har yanzu ake yi a Dakoro, wai ni na so a hana wani mutum sallar gawa saboda gabar kasuwa. Gabar kam akwai ta, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ranar da ya mutu, abin da aka ɗora mini shi ne in ba da shaida, a kan shaidar kuma za a san ko a sallace shi a rufe shi a maƙabartar Musulmi inda mahaifina yake kwance, ko kuwa a kai shi bayan gari.

Mutumin Anasara ne. Ya zo garin nan cikin wani furoje, wato aikin taimako, na haƙa rijiyoyi, tun hanyar Maradi ba ta ga kwalta ba. Da furoje ya ƙare, abokan aikinsa suka ɗaure kayansu suka tafi, shi ya zauna. Ba wanda ya roƙe shi. Dogo ne, ja jawur, fatar goshinsa kullum tana saɓulewa saboda rana, ga malfa irin ta makiyaya da ba ya rabuwa da ita. In ka ce masa Bafaranshe sai ya ɗaure fuska, in kuwa ka ce Ingilishi to ka tsokano faɗa. Yakan bugi ƙirji ya ce shi mutumin Sikotilan ne, wai da Faransanci Ekosai ake ce musu. Ƴan dako suka ji kalmar ta yi musu daɗi a baki, suka mayar da ita ƙosai. Har ya tsufa, in ya bi ta tasha sai ka ji wani ya ɗaga murya, "A kawo yaji, ga ƙosai nan ya taho da zahinai!" Shi kuma ba ya wucewa. Sai ya tsaya ya juyo, ya nemi mai maganar, ya ɗura masa ashar da Hausa tsantsa wadda ba a zama a maimaita.

Ya taɓa cewa ubansa ma ƴaƴan itace yake sayarwa a wani gari mai sanyi a bakin teku. To, gado ya motsa. Ya sayi wata tsohuwar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya ɗauki direba, mutumin Kornaka, wanda suka zauna tare har furfura ta fito wa direban shi ma. Suna sauka kudu can cikin garake, wato lambuna, su ɗoro mangwaro da lemu da ayaba da gwaba, wani lokaci har abarba, wadda a lokacin mutane da yawa a nan ba su san yadda ake fere ta ba.

Ni kuwa ina rumfar da na gada. Dabino nake sayarwa da goruba da magarya, in bazara ta zo in sari ɗan mangwaro da lemu wajen masu zuwa Maradi in kasa a kan buhu. In babu ciniki in jawo tawada in rubuta wa makiyaya wasiƙa. Rumfar da ke jikin tawa ta wani tsoho ce, da ya rasu Anasara ya karɓe ta. Zana ɗaya ce ta raba mu, ita ma da ɓula a tsakiyarta. Bazara biyu aka yi na daina kasa lemu da mangwaro, ba kuma ni kaɗai ba. Wa zai tsaya kan kashina da ya kwana huɗu a hanya, ga na kamiyo da ganyensa?

Da wannan kaɗai ne da na ce rabo ne, Allah ke bayarwa. Halinsa ne ya fi ci mini rai. Bai san kashi ba, ma'auni ya kafa, komai da kilo. Kuma bai san gyara ba, ɗan ƙarin nan da ake jefa wa mai saye bayan an gama ciniki, don a rabu da mutunci. Wata rana wata tsohuwa mai nono daga Korahane ta sayi lemu, ta buɗe bakin zanenta tana jira.

Ta ce, "To, Anasara, gyara mini."

Ya ce, "Mi ya lalace da za a gyara?"

"Kai, ɗan nan, lemu guda ne hwa."

"Inna, kilo kika biya, kilo na ba ki. Ma'aunina ba ya zamba, ba ya kyauta."

Tsohuwar ta ɗaure zanenta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Allah Shi sa haka za a auna maka ran gobe."

Ya ce, "Amin, Inna, in dai ma'aunin nasu na da kyau."

Ina jin haka na ajiye alƙalami na yi istigfari. Mizanin ranar alƙiyama ne mutum yake yi wa wannan magana, yana dariya yana share hannu a wando. Don Allah zan faɗa, ban taɓa ganin ya tauye wa kowa awo ba. Amma ban taɓa ganin ya ƙara ba. Har wanda ya ɗan bugu a hanya, irin wanda mu muke ware wa masu ƙaramin ƙarfi su ɗauka, shi rami ya haƙa bayan rumfa yana binnewa, wai kada a ci a yi zawo a ce lemunsa ne. Mata na tsaye suna kallo yana turbuɗa ƙasa. In azumi ya faɗo cikin zafi, da tsakar rana sai ya zauna ya fere lemu a hankali, ƙanshin ya biyo ta ɓular zana ya same ni, maƙogwarona a bushe. In na yi tsaki ya ce, "Yi haƙuri, Malam mai dabino, ni ba a aza mini ba." Coci ma ba ya zuwa. Ƴan Kiristocin da aiki ya kawo garin nan sun zo sun gayyace shi, ya kore su da irin bakin da yake korar kowa.

Yanzu in zo ga abin da ya jawo maganar duka. Hausarsa ba a gaban malamai ya koye ta ba, a bakin ƴan dako da direbobi ya tsince ta. Ya lura in jaki ya faɗi da kaya, ko taya ta fashe, ko an kawo labarin asara, mutanenmu sukan riƙe kai su yi salati. Sai ya ɗauka ita ce kalmar da ake faɗi in abu ya ɓaci. Hanya kuwa da nisa, zafi ba ya raga wa mangwaro. Duk ranar da ya buɗe kwando ya tarar da ruɓa, sai ya dafe malfa da hannu biyu ya ƙwala, "La'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi!" Cikakkiya, harafi bai faɗi ba, har ya fi wasu da aka haifa cikinta iya fitar da ita. Yana rufe baki kuma sai zagin mai garka ya biyo baya, shi da iyayensa. Mutane suka mayar da abin nishaɗi. In ana sauke kaya sai ka ga an taru, ana jiran kwandon da zai sa shi salati, in ya yi a fashe da dariya a ce, "Yau ma Anasara ya musulunta." Ni ban taɓa dariya ba. Kalmar da ake raɗa wa jariri a kunne, ake laƙƙana wa mai barin duniya, ita ce ta zama abin kiran ƙuda a bakinsa.

Haka muka zauna fiye da shekara ashirin, zana tsakaninmu. Ya tsufa, ƙafafunsa suka riƙa kumbura, ya daina bin mota, direban ke zuwa shi kaɗai.

A wata bazara kamiyo ta lalace a Sabon Maci, ta kwana biyu a rana da mangwaro cikinta. Da hantsi ta iso. Direban ya sauke kwando ɗaya ya ajiye masa cikin rumfa, ya tafi kiran ƴan dako. Ba ranar kasuwa ba ce, layin babu kowa sai ni da shi. Na ji ya yanke igiya, warin ya iso mini tun kafin muryarsa. Sai ya yi salatin nan nasa, cikakke kamar kullum. Na ci gaba da tsince dabino ina jiran zagin. Bai zo ba. Da shirun ya yi yawa na leƙa ta ɓular zana, na gan shi zaune a ƙasa, ya jingina da dirkar rumfa, hannunsa ɗaya yana cikin kwandon. Na ce, "Anasara!" Sau biyu. Sannan na zagaya. Rai ya riga ya yi halinsa. Ƙuda sun fara sauka, na ɗauki malfarsa na rufe masa fuska.

Direban ya dawo a guje, ya durƙusa, ya girgiza shi, ya ɗago yana hawaye ya ce, "Malam, ya yi magana? Mi ya ce?"

Na ce, "Abin da ya saba cewa."

Jandarma suka zo da majo, babban ma'aikacin asibiti, aka duba, aka ce zuciya ce. Aka buga waya Yamai don a nemo danginsa. Ashe tun da daɗewa ya ajiye takarda a meri, ofishin magajin gari, cewa ba shi da wanda za a sanar, kada a ɗauke shi a kai ko'ina, a Dakoro za a rufe shi. Hukuma ta ce to, a bi takarda, kuma a yi yau, don zafin nan ba ya barin gawa ta kwana. Takardar ba ta faɗi wurin da za a rufe shi ba. Kafin in ankara direban ya riga ya isa wajen liman, ya ce Musulmi ne ya rasu, da kalimar shahada ya cika, ga Malam mai dabino can shaida.

Bayan azahar aka zauna gindin dogon yaro a ƙofar masallaci. Limamin ya girme ni, a gaban mahaifina ya yi karatu, idonsa ya fara rauni a lokacin. Mutane sun cika wurin, har da waɗanda ba su damu da sahu ba. Ya sa aka matso da ni kusa da buzunsa.

Ya ce, "Malam, an ce kai kaɗai ke kusa. Ka ji ya yi kalimar shahada?"

Na ce, "Na ji, Allah gafarta Malam."

"Duka ko rabi?"

"Duka."

"Bayanta ya ƙara wata magana?"

"Bai ƙara ba."

Direban ya miƙe ya ce, "To, alhamdu lillahi! Mi ya rage? A ba mu makara."

Na ce, "Saura abin da ba a tambaye ni ba. Hannunsa cikin ruɓaɓɓen mangwaro yake sa'ad da ya faɗe ta. Ga mangwaron ya faɗa, yadda duk wanda ke zaune a nan ya sha ji yana dariya. Da Allah Ya ƙara masa numfashi guda, ashar ne zai biyo baya."

Direban ya nuno ni da yatsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Kai ka ga numhwashin da ba a ba shi ba? Malam, ji tsoron Allah! Tun da ya kashe maka cinikin lemu kake jiran wagga rana. Ni na san mutumen ga. Ko muna tsakiyar daji, in lokacin salla ya yi shi ke cewa in tsai da mota. Shi ke zuba mini ruwan alwala daga jarkarsa."

Na ce, "Ya taɓa sauka ya bi ka?"

Ya share ido da hannun riga.

Wurin ya hargitse, kowa na faɗin tasa. Wani mahauci ya ce ai mutumin ko ma'anarta bai sani ba, kamar aku yake, abin da ya ji shi yake maimaitawa. Mutane da yawa suka ce haka ne. Liman ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce in dai bai san abin da kalmar take nufi ba, to sauti ne kawai ya fita daga bakinsa, ba shahada ba, sai a nemi wuri bayan gari a rufe shi da mutunci. Har wasu sun fara neman takalmansu.

A nan ne ya kamata mai neman biyan buƙatarsa ya kama bakinsa. Ni kuwa na san wani abu da mahaucin bai sani ba, kuma mahaifina ya hore mu cewa mai ɓoye shaida da mai shaidar zur hanyarsu ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, akwai wani dalilin kuma. Na ga kiransa aku ya yi masa sauƙi. Na so a san cewa da gangan yake yi, izgili ne.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba aku ba ne. Ya fi haka muni."

Na ba su labari. Wata shekara abin ya ishe ni, na zagaya zana na shiga rumfarsa, karon farko da na taka ta. Na zauna na fassara masa kalmar daki daki, cewa babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, manzonSa ne. Na gaya masa da ita ake shiga Musulunci, ba abin wasa da kwando ba ce. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Na gode, Malam. Amma ku ma ban ji kuna hwaɗinta da ƙarhi ba sai kaya sun lalace."

Jama'a suka ɗauki salati, wanda a wannan wuri ya zo daidai da maganarsa, har wani ya ƙyalƙyale da dariya aka harare shi. Ni na koma na zauna, na ɗauka magana ta ƙare.

Liman ya daɗe yana jan tasbaha. Can ya ce, "Ashe ya san ma'anarta."

Na ce, "Ya sani, ya yi mata izgili."

"Ya ce ƙarya ce?"

"Bai ce ba."

"Bayan ka fassara masa, ya bar faɗinta?"

"Bai bari ba, Allah gafarta Malam. Shi ne ma abin da nake nuna muku."

Ya ce, "Maganar da ya mayar maka, mu ya zaga, kuma bai yi mana ƙarya ba. Kalmar bai taɓa ta ba. To ga mutum ya san ma'ana, da bakinka ka koya masa, ya ci gaba da faɗi shekara da shekaru, ita ce kuma ta ƙarshe a harshensa. Ni ba a ba ni ikon buɗe ƙirji ba. In na sallace shi alhali ba Musulmi ba ne, Allah Ya san nasa, ba a yaudararSa. In na sa aka kai shi bayan gari alhali Musulmi ne, ban san abin da zan ce gobe ba. Za mu sallace shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba a tilasta masa."

Na ce, "Mutumin da bai taɓa sa goshi ƙasa ba? A kai shi inda malaminka yake kwance?"

Ya juyo da idon nan nasa mai hazo ya ce, "Mahaifinka aikinsa ke tare da shi, ba maƙwabcinsa ba. Tashi, Malam, ka sauke abin da ke wuyanka."

Direban da wasu ƴan dako biyu suka yi masa wanka, cikin waɗanda suka fi kowa tsokanarsa. Kafin la'asar aka sallace shi. An ce sahu biyu ne, ba su ma cika ba, don da yawa sun ga abin da na gani. Ni ban je ba. Na koma rumfata na zauna, kamiyo tana tsaye ba wanda ya sauke ta, ruwan mangwaro na ɗiga a ƙasa. Masu haƙa suka nemi inuwa saboda rana, suka sami fili gindin wata aduwa a gefen tsofaffin kaburbura. Kabari uku ne tsakaninsa da mahaifina.

Har yau ina ganin liman ya yi kuskure, Allah Ya jiƙansa, shi ma ya riga mu. Na faɗa masa haka kafin ya rasu, ya ce ya ji. Direban kuwa tun ranar ba abin da ke haɗa mu sai sallama, ita ma a taƙaice.

Safiyar Jumma'a nake ziyarar mahaifina. Jumma'ar farko bayan wannan na tsaya a ƙofar maƙabarta na daɗe ban shiga ba. Sallamar da aka koya mana mu yi wa mutanen kabari a jimlace take, ta muminai da Musulmin da ke wurin gaba ɗaya, babu inda ake cewa ban da wane. Na juya ta a raina ta kowace fuska ko zan sami yadda zan fitar da shi, ban samu ba, ba ni kuma da ikon ƙara harafi a abin da ban kawo ba. Daga ƙarshe na yi ta yadda take, na shiga, na bi ta gefen kabarinsa don babu wata hanyar. Haka nake yi har yanzu. Ba na tsayawa a kansa, ba na ware masa addu'a. Ko sallamar tana isa gare shi ko tana tsallake shi, wannan Allah ne Masani, gare Shi kuma nake neman gafarar abin da na faɗa da wanda na rubuta.